Daƙiƙa Goma Sha Huɗu

Majalisar gari ta ba ni kujera da littafi da fensir,
ta ce: Fermín, je ka zauna a mahaɗar Kasuwar Kifi,
kwana bakwai, ka ƙirga duk abin da ya gifta.
Na zauna. Kogin Parana yana bayana,
shi ba a sa kowa ya ƙirga shi ba.

Layi uku aka ja mini a takarda:
mota, keke, ƙafa.
Kafin shayin mate ya huce a ɗan gorana
na cika layin mota, na juya shafi,
na ƙafa ko rabi bai kai ba.

Fitilar tsallakawa daƙiƙa goma sha huɗu take bayarwa.
Na auna da agogon hannuna, har sau biyar.
Doña Herminia Acosta, da sandarta da kwandon lemo,
ashirin da biyu take bukata.
Takwas ɗin da suka rage
a tsakiyar titi take cinye su,
hannu ɗaya a sama kamar mai ba da haƙuri,
motoci na gurnani a gwiwarta.
Na ja mata zane ɗaya a layin ƙafa,
daidai da na yaron da ya wuce ta a guje.

Jikin turken fitilar akwai keke, an shafe shi fari fat,
an ɗaure da sarƙa, tayoyin sun sace.
Na Nicanor ne, mai kai burodi.
Babbar motar waken suya ta same shi a kwanar nan, bara.
Na rasa layin da zan sa shi.
Keke ne, amma ba ya wucewa.

Ran Alhamis malamar makaranta ta tsaya a kaina:
"Da, yara goma sha ɗaya ke zuwa mini a keke.
Yanzu biyu. Iyaye sun hana.
Rubuta tara."
Na ce ba a ƙirga wanda bai zo ba.
Ta ce: "To me kake ƙirgawa?"

Daren taro zaure ya cika,
fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Injiniya Eulalia ta shimfiɗa taswira:
koren layi don kekuna, tudun tsayawa a tsakiyar titi,
a matse kwanar nan.
Mai shagon siminti ya miƙe, wuya ya yi ja:
wurin ajiye mota shida za a kwashe a ƙofarsa,
wa zai saɓa buhu ya kai shi bayan layi?
Da gaskiyarsa. Na san shi, ba mugu ba ne,
shi ya ba da farin fentin keken Nicanor.
Ma'aji ya ce kuɗi sai baɗi.
Wani ya ce a kafa kwamiti.

Aka kira ni in karanta lambobi.
Na karanta: mota dubu kaza, keke ɗari kaza.
A ƙasan shafin ƙarshe, inda ba a ja layi ba,
akwai abin da na rubuta ƙanana,
shi ma na karanta, murya na rawa:
sha huɗu, ashirin da biyu, tara, ɗaya.
Shugaban majalisa ya ce bai gane ba.
Daga kujerar baya sanda ta bugi ƙasa:
"Zo gobe mu tsallaka tare, za ka gane."

Bai zo ba. Taswira na barci a aljihun tebur.
Amma wata Talata wani saurayi da tsani a kafaɗa
ya buɗe akwatin fitilar, ya taɓa wani abu, ya tafi.
Na auna: ashirin.

Doña Herminia ta taka gefen titi da jar wuta a bayanta,
ta ajiye kwando, ta huta,
ta juyo ta nuna mini yatsu biyu.
Na ce na gani.
Littafin na mayar musu tuntuni,
fensirin dai yana wurina.