Turken Awo a Gonar Tackett

Aiki ne ya kai ni, ba ziyara ba.
Bayan garin Burkesville, a Kentucky,
inda kwalta ta gaji ta miƙa wa tsakuwa hanya,
kamfani ya aike ni in auna wani gangare
da za a shimfiɗa wa farantan hasken rana.

Shanu suka ɗaga kai, suka mayar.
Can ƙarƙashin wasu itatuwa uku masu duhun ganye
shingen ƙarfe ya durƙusa kamar raƙumi,
tsatsa ta cinye masa gwiwa.
Na ƙirga duwatsu tara a tsaye, ko kusa da tsaye,
huɗu sun kifa da fuska.

Da makullin mota na kankare gansakuka.
Arminta Cundiff, matar Hosea.
Shekarar haihuwa ta fito sarai,
ta rasuwa kuwa ruwa ya lashe,
sai ka ce har yau tana kan hanya.
Gefenta ɗan ragon dutse, kai ya gutsure,
a ƙasansa an sassaƙa: kwana goma sha ɗaya.
Babu suna.
Da a garinmu ne, da ya kwana huɗu da sunansa.

Tsoho Elwood Tackett ya iso a tarakta,
bai kashe injin ba, sai ya ɗaga murya:
"Ba dangina ba ne.
Babana ya sayi gonar da su a ciki.
Ta ƙarshe da ta kawo fure wata tsohuwa ce daga Ohio,
tun ina da haƙorana."
Ya nuna bayan shinge da haɓa:
duwatsun gona ne a jere, ko ɗigo babu a jikinsu,
ƙasa ta lotsa gaban kowanne, tsawon mutum.
"Waɗancan su suka noma wa waɗannan taba.
Ba a biya su ba,
ba a rubuta su ba."
Ya ja tarakta ya tafi.

Na tsaya, tsinin turke na cizon tafina.
Ranar da muka kai Baba a Gusau
guntun tulu muka kafa wajen kansa.
Na yi damina biyu a waje, na koma,
na tarar da guntayen tulu sun fi ɗari,
sabara ta fito tsakaninsu.
Mai gadi ya ce nan ne, ya sake cewa ko can.
Sai na ɗaga hannu na yi wa layin duka addu'a,
wanda ya samu, nasa ne.

Ga waɗanda suka sayi marmara,
suka biya masassaƙi harafi harafi,
ga ma'aikatansu da aka jefa wa dutsen kunya,
ciyawa ɗaya ta lulluɓe su,
ba ta iya karatu ba.

Taswira ta ce layi ya ratsa ta bayan shinge,
daidai inda ƙasa ta lotsa.
Na taka ashirin zuwa yamma, na ƙara biyar,
a can na buga turke, na ɗaura jan ƙyalle.
Gobe waya za ta yi ƙara daga ofis,
in Allah ya kai mu na san abin faɗa.

Ina naɗe igiya wata jar saniya ta matso,
ta tsallake shingen ba tare da ta duba ba,
ta ɗora wuya a dutsen Hosea tana susa.
Gefen nan nasa ya yi sumul, har yana ƙyalli.
Duk cikinsu
shi kaɗai ake taɓawa kullum.