Jakar da Ƙasa Za Ta Ci

A Swarupkathi kasuwarmu bisa ruwa take ci,
kwale-kwale na gogar kwale-kwale tun asuba.
Ni dashe nake sayarwa: gwaiba, lemun tsami, mangwaro,
kowanne da ƙafarsa cikin baƙar leda
kamar yaran da aka sa wa takalmin aro.

Shekara goma sha ɗaya ban tambayi inda ledar ke ƙarewa ba.
Sai ranar da Mokbul mai gyaran raga ya kira ni bayan gidansa,
ya ce, "Shefali, mangwaronki ya ƙi girma."
Muka haƙa.
Saiwar ta nannaɗe kanta kamar macijin da ya rasa ƙofa,
ledar kuwa tana nan garau,
damina huɗu ko furfura ba ta yi ba.
Shi ya manta bai cire ta ba. Ni na kasa mantawa.

Na fara da jarida.
Na naɗe lemun tsami cikin labarin zaɓe,
yayyafi ɗaya, 'yan takara suka narke a tafin hannuna.
Na koma ganyen ayaba, na soke shi da tsinke;
kwana uku yana kore, na huɗu ya wage baki yana mini dariya.
Tukunyar yumɓu ta yi kyau,
amma ɗari biyu suka danne jirgin har ruwa ya leƙo,
ɗana Tuhin na kwarfa da ƙoƙo yana hararata.
Ɓawon kwakwa ya karɓi ƙananan tsiro,
mangwaro ya ce ɗakin ya yi masa kaɗan.

Sai Rokeya maƙwabciyata mai keken ɗinki
ta jawo tsohon buhun rama daga ƙarƙashin gado,
wanda ya ɗauki shinkafa ya gaji, ya ɗauki albasa ya gaji.
Ta yanka, ta ɗinka, ta yi masa hannu biyu.
Ta ce, "Ramar nan a gonakinmu ta tsira, ta san hanyar gida."

Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Na binne ɗaya gindin shinge da gwaiba a ciki,
na kafa kara don kada wurin ya ɓace mini.
Wata biyu da kwana tara na tona.
Zare-zare kawai, da tana biyu masu ƙiba,
farar saiwa ta ratsa saƙar ta wuce abinta
ba sallama.
Na zauna cikin laka, na daɗe ban tashi ba.

Yanzu taka uku nake ƙarawa kan kowane dashe.
Wasu su yi tsaki su tuƙa zuwa jirgin gaba
inda leda kyauta ce, kamar yadda zazzaɓi yake kyauta.
Rokeya ta ce idonta ya fara gardama da allura,
tsohon buhu ma ya san darajarsa.
Ban ce muna cin riba ba.

Jiya wani malamin makaranta ya sayi gwaiba biyu,
ya shafa jakar, ya yaba, ya biya ba ciniki,
sannan ya ce, "Ba ni leda in saka, kar ta jiƙa mini wando."
Na dube shi, na dubi kogin
da ke wucewa da baƙaƙen ledoji kamar gawar hankaki.
Na yago ganyen ayaba na shimfiɗa masa a cinya.
Na ce, "Malam, wando yana bushewa."