Auren Inabi a Kwarin Alazani

Na dawo daga Tibilisi da jaka ɗaya
da bashin da ya fi jakar nauyi.
Kakana Shalva bai tambaye ni komai ba.
Ya dubi takalmina, ya dubi sama,
ya ce gobe da asuba akwai aiki.

Sanyi bai gama sakin ƙasa ba.
Dusar ƙanƙara fari fat a kan duwatsu,
mu kuwa durƙushe cikin taɓo
gaban wata tsohuwar kuranga,
baƙa, duk gaɓoɓi, kamar yatsun mai ita.

Ya miƙo mini wani ɗan tsinke.
Ya ce, "Wannan kai ne."
Na juya shi. Ba ganye, ba saiwa,
idanu biyu ne kawai a rufe,
abin da ko akuya ba za ta waiwaya ba.
Na yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba.

Ya zaro wuƙa.
Tsinken, fere shi ya yi kaɗan,
amma gindin nan mai rai,
shi ya tsaga har tsakiya.
Ruwa ya tsatso, ɗis, ɗis,
garau kamar hawaye.

"Kana yaro ka ji ana cewa Bishara,
ka ɗauka lissafin laifinka za a karanto.
To, ga ta nan, buɗe ido.
Mai rai aka tsaga
don marar saiwa ya sami wurin shiga.
Almasihu bai ce ka zo da 'ya'ya ba,
da me za ka yi su?
Raunin da aka yi masa ranar Juma'a,
nan ne ɗakinka."

Ɓawo ya haɗu da ɓawo.
Ya ɗaure da tsumma, ya shafe da kakin zuma,
ya tashi yana dafa gwiwa.

Arba'in na aurar da hannuna.
Kwana tara, zuciya ta hana ni barci,
na je na kwance uku in ga ko sun kama.
Iska ta shiga. Ukun suka bushe.
Kakata Tsiala tana fitar da burodi daga tanderu,
ko juyowa ba ta yi ba:
"Mai yawan buɗe tukunya, ɗanye yake ci.
Naka shi ne ɗauri da cire ciyawa.
Hawan ruwa ba aikinka ba ne."

Haka na koyi addu'a,
gajeriya, kafin in sa takalmi.
Wata rana baki ne kawai ke motsi,
zuciya tana can wajen masu bina kuɗi.
Duk da haka ina yi.
Ran Lahadi in tsaya a bayan coci
tsakanin Otar makeri da gwauruwar nan mai tari,
kamar reshen da aka kafa wa sanda
don kada iskar dutse ta karya shi.

Watan Mayu, ido ɗaya ya buɗe,
ganye ƙanƙane, mai gashi kamar kunnen ɓera.
Da ya yi fure na ruga da murna,
tsohon ya sa farce ya tsinke furen.
"Bana ba shekarar nuna wa mutane ba ce.
Bari ya riƙe tukuna."

Ƙanƙara ta zubo a Yuni, ta yage rabin gonar.
Na yi fushi da Allah har na faɗa masa.
Da safe na tarar ɗaurin bai motsa ba.

Shalva bai ga nonon farko ba,
mun binne shi a hunturu na biyu.
Bashin nan da saura.
Jiya na shafa wurin haɗin,
ya kumbura, ya zama tabo ɗaya,
na rasa inda tsinke ya ƙare,
na rasa inda gindi ya fara.

Na ɗauki wuƙarsa na wasa.
Ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga birni,
an ce ba ya fita, ba ya magana.