Kifaffen Jirgi a Goronyo

Da ruwan Rima ya ja da baya,
ya bar laka tana tsagewa kamar faso,
mu shida muka ciccibi jirgin Baba
muka kifa shi bisa tsofaffin tayoyi.
Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar mu,
mu da albasa da awaki da 'yan kasuwa,
ban taɓa ganin bayansa ba sai yau.
Ashe duk tabo ne.

Na faiba ne, ba ya ruɓa, in ji dillali.
Bai faɗa mana rana na cin sa ba.
Ka shafa, fari ya biyo tafinka kamar alli.

Na soma da omo da tsumman buhu,
gansakuka ta sauka, man inji ya yi gardama.
Sannan samfefa, mai kaushi tukuna.
Arzika mai gyaran jikin mota ya leƙo daga tasha:
"Yaro, kak ka danna, bi shi sannu.
In ka ga zare ya hito, ka wuce wuri."

Garin faiba ya fi ƙaiƙayin gero mugunta.
Ya shiga wuyan riga, ya shiga tsakanin yatsu,
dare ya yi ina susa kamar mai ƙazwa,
Kulu na dariya tana shafa mini man shanu.

Ƙarƙashin shuɗi akwai kore,
na shekarar da ƙungiya ta ba da rance.
Ƙarƙashin kore akwai ja,
ragowar fentin ƙofar zaurenmu.
Ƙurajen da ruwa ya tara na huda su ɗaya ɗaya,
suka yi hawaye mai warin tsami.
Ƙarƙashin ja, can wajen goshi ta hagu,
samfefa ta yi tuntuɓe.

Faci ne, faɗin faranti.
Ƙyalle uku an jera, danƙo ya daskare,
a gefe ga sawun babban yatsa.
Na san yatsan nan.
Shi ke murɗe mini kunne in na saki igiya.

Baba bai taɓa cewa jirgi ya huje ba.
Sai na tuna wani dare cikin damina,
ya shigo jiƙe har wuya, ya ce ruwan sama ne,
alhali taurari na waje suna kallon mu.
Washegari ya ce inji na son hutu,
kwana uku bai je mashaya ba.
Mutum tara ya ƙetarar a daren nan.
Har yau suna gaishe shi, ba su san kome ba.

Arzika ya ƙwanƙwasa wurin da gindin wuƙa,
ya kasa kunne.
"Wanga aiki ya hi nawa. Bar shi."

Sauran ramuka na cike da fila,
ta bushe, na goge, ta lotsa, na ƙara.
Na bi da laushin samfefa da ruwa a kwano
har tafin hannu ya daina samun abin faɗa.

Fenti sai da asuba, bayan sallama,
kafin zafin bazara ya dafa gwangwani.
Shafin fari toka-toka, a bar shi ya kwana.
Sai shuɗi, buroshi na bin tsawon jiki,
ba komowa inda aka wuce.
Wani mazari ya sauka yana neman ruwa,
na ɗaga shi da tsinke, ya bar ƙafa guda.

Ran na biyar Baba ya zo da sandarsa.
Idon ya yi hazo, hannu ke gani.
Ya bi jirgin tun daga wutsiya,
sannu, kamar mai taya sa a kara,
har ya kai goshi ta hagu.
Nan ya tsaya.

"Fentinka ya yi kauri a nan."
Na ce, "I, Baba."
Ya ɗaga kai gabas yana shinshina iska.
"Ku juya shi jibi. Ruwa na tahe."