Abokin Sana'ar Baba Kalla

A ƙauyenmu, gabas da Mirya,
da an sallame asuba, gari bai gama wayewa ba,
sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas
daga busasshen gawon bakin fadama.

Baba Kalla masassaƙi yakan ajiye gizago,
ya ce, "Ku ji, ɗan'uwana ya buɗe rumfa.
Ni sai da na biya maƙeri kafin in sami ƙarfena,
shi da nasa ya fito daga ƙwai."

Na sha laɓewa cikin karan gero ina leƙensa.
Maƙwaƙƙwafi, jar hula, riga ruwan toka,
ba ya sauka a reshe irin na kurciya,
a tsaye yake bin kututture,
yatsu biyu gaba, biyu baya,
wutsiya ta tokare ta zama kujera.
Ya karkata kai, ya kasa wa itace kunne
kamar likita a ƙirjin mai tari,
sannan ya sara, ya zura harshe,
ya jawo tsutsa daga ɗakinta.
In ya tashi kuwa, tashin nan nasa
na hawa da gangara, kamar hanyar Tirmini.

Ramin da ya huda bara, bana tsiryaku ne ciki.
Na bara waccan, zuma ta tare.
Bai taɓa dawowa karɓar haya ba.

Tsahiru direba, da ya dawo daga kudu,
ya rantse akwai yayansa can cikin kurmi,
inda rana ba ta taɓa ƙasa,
wai sara ɗaya, ɓawo ya faɗo kamar faifai.
Baba ya yi dariya: "Babban itace, babban masassaƙi.
Namu daidai dajinmu."

Shekarar da gero ya tsaya a gwiwa,
ƙiryar tudu ta ƙare, marke ya bi ta.
Baba ya zagaya gawon nan sau uku,
ya koma gida bai ce komai ba.
Ran Laraba ya ɗauki gatari.
Ni na riƙe masa igiya.

Turmi biyu ya fita, da akushi shida.
Ɗaya turmin da ɗan rami a gefe,
zagayayye, ba aikin gizago ba.
Masu saye a kasuwar Dole suka ƙi shi,
muka ɗora shi a kan jaki muka dawo.

Yanzu a Birni nake, tsakanin duwatsu,
dutse kuwa ba ya saruwa da baki.
Turmin na wurin matata Haske.
Da safe in ta fara sussuka
nakan bar shayi ya huce,
in ɗaga kai ina duban sama,
alhali na san daga ƙasa ƙarar take.

Ɗana ya tambaye ni, "Wa ya huda nan?"
Na ce, "Wani abokin kakanka.
Ya yi ƙaura kudu. Bai bar sallahu ba."