Baƙin Ruwan Fadama

Leelo ta shiga fadama da asuba,
takalman roba har gwiwa,
ƙasa na motsi a ƙarƙashinta kamar cikin saniya mai barci.
A wannan yanki na Estoniya laka ba datti ba ce,
gansakuka ce da ta mutu tun kakannin kakanni
ta ƙi ƙarasa ruɓewa.

Nan mahaifinta Endel ya ƙarar da ƙarfinsa,
yana yankan ƙasa kamar tubali,
a shanya, a ƙona idan ƙanƙara ta rufe ƙofa.

Ta cika kwalba uku.
Ruwan kamar shayin da aka manta a buta.

A Tartu ta yanka tuffa gaban ɗalibai.
Kafin ta kai ƙarshen zance farin ya dafe.
Ta ce, "Iskar da ke raya mu ita ke gatsar mu.
Ba ƙusa kaɗai ke tsatsa ba."
A jiki akwai 'yan ƙwayoyi masu giɓi,
kowacce ta rasa abu ɗaya tak,
sai ta fizge na maƙwabciya,
maƙwabciya ta fizge na ta gaba,
har sata ta zagaye gari.

Abin da ta tace daga laka, tana zato,
mai buɗaɗɗen hannu ne:
ya miƙa wa ɓarawo abin da ya zo nema
kafin ya fasa ɗaki.

Faranti goma sha biyu, ƙwayoyin fata a ciki.
Shida ta ɗiga musu ruwan fadama,
sannan ta zuba wa duka abin ƙuna.
Kwana biyu tana cin burodi a tsaye.
Da ta leƙa ta madubi,
shidan da ba su sha ba sun yamutse.
Sauran, huɗu na raye.
Biyu, ba ta da tabbas.

Ba ta yi murna a fili ba.
Faranti ba mutum ba ne.
Ta rubuta a gefen takarda: a sake.

Ranar Lahadi ta kai wa tsoho ragowar kwalba.
Hannunsa na rawa, duk ɗigon shekaru.
"Kin samo maganin tsufan?"
"Tukuna, Baba."
Ya buɗe, ya shinshina, ya daɗe.
"Wannan na gefen arewa ne,
kusa da bishiyar da tsawa ta raba."

Ta duba rubutun jikin kwalbar.
Na gefen arewa ne.