Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Lantana ta shigo shagona a Moss Side
da ruwan sama a kafaɗunta,
kwamfuta cikin jakar cefane.
Ta ce, "Ilu, fam ɗari da tamanin na biya.
Wata uku kacal, ga ta tana jan ƙafa
kamar dattijon da nake yi wa wanka da asuba."

Na danna. Muka jira.
Butar shayi ta tafasa, ta huce.
Zoben nan na kan allo yana ta kewaye kansa
kamar akuya a turke.

Ƙusa bakwai na kwance, na buɗe cikinta.

Ƙwaƙwalwar ba laifi, ƙosasshiya ce,
ita suka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali,
ita ta kira ki daga bakin titi.
Amma dubi faifan ajiya, mai juyi, irin na da:
a aike shi, sai ya zaga, ya sake zagawa,
yana laluben allura a rumbu.
Wurin ajiyar wucin gadi kuwa, giga huɗu.
An ɗauko gwanar tuwo
an miƙa mata tukunyar shayi
an ce ta ciyar da 'yan suna.
Fankar ma ba ta kai murfin kwalba ba;
zafi na tasowa, ƙwaƙwalwa ta rage gudu
don kada ta ƙone kanta.

Rijiya ta bayar, na ce, guga ya hana.
Inda ido ke gani suka zuba kuɗi,
inda ba ya gani suka tsuke aljihu.

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Ashe ni ce a ciki.
Daren jiya mu biyu ne kan tsofaffi talatin.
Ga sabon fenti, ga furanni a ƙofa,
ƙararrawa shida na kira, hannuna biyu."

Ban ce komai ba.
Na cire mai juyi, na sa wanda ba ya motsi,
na ƙara wa gwanar tuwo tukunya.
Fam arba'in. Ta ba da rabi, saura Juma'a.

Kafin ta gama ɓalla maɓallin rigar sanyi
allo ya farka, yana jiran ta.
Ta dube shi kamar da hassada,
ta ruga, bas ba ta jira.

Tsohon faifan na tafin hannuna.
Har yanzu da sauran ɗumi.